Yatsan Tasalla

An ba ni aiki a Garwa:
littafi mai shafi arba'in,
rabi labari, rabi zane,
na matan da suka riƙe alƙalami
tun Binuwai ba ta san gada ba.
Mai ɗab'i ya ce, "Ki fara da fuska,
yara sun fi son su ga ido."

To, ina zan samo ido?

Tasalla 'yar Malam Ɗanjika
ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.
Na je Rumde Ajiya wurin jikokinta.
Babbar ta ce, doguwa ce.
Ƙaramar ta ce, a'a, gajeriya,
zaman tabarma ya hana a gane.
Abu guda suka haɗu a kai:
yatsanta na tsakiya baƙi ne har kushewa,
tawada ta shiga ta ƙi fita,
mai wankan gawa ta cuɗa ta haƙura.

Sai na zana yatsan.

Yaushe aka haife ta? Shekarar fara.
Wace farar? Suka yi dariya.
Na bar gurbin lamba fayau,
na sa fara uku a gefen shafi.

Ƙaro take jiƙawa da baƙin tukunya
bayan an kwashe tuwo, an kashe murhu.
Takarda kuwa sai mai hali,
a bayan rasit ɗin kamfanin auduga take rubutu:
gaba nauyin buhu,
baya nauyin zuciya.
Waƙarta ta kogi, baiti saba'in,
ta kai Marwa, ta kai Ngaundare,
da sunan yayanta a gindi.
Ba ta ce uffan ba.
Shekara sittin kafin wani ɗalibi ya lura
da haruffan da ke buɗe baitocin ƙarshe:
ta, sin, lam.
Ashe tana nan zaune a bakin layi,
kamar mai jiran kwale-kwale.

Shafi na sha tara na Goggo Addawiya ne, ta Pitowa,
mai Fillanci da safe, Hausa da dare.
Adakarta ta tsira daga ambaliya,
gara ta gama da ita a rani.
Abin da ya rage rabin layi:
"Wanda ya ce mace ba ta…"
Sauran yana cikin gara.
Kwana huɗu ina zana ramukan nan
ɗaya bayan ɗaya,
don kada wani ya cike mata da bakinsa.

Ga Kande ta bakin kasuwa,
wadda yana ta rufe wa ido.
Tana faɗa, ɗan maƙwabta na rubutawa,
ladansa ƙosai biyu.
In ya gyara mata kalma, ta ji a kunne,
ta ce, "Mayar mini da abina."

Mai ɗab'i ya juya shafuka, ya tsuke baki.
"Ba wadda ta yi murmushi?
Kuma ina fuskokin?"
Na koma bakin kogi na yi aro:
goshin mai tallan kifi,
hancin ungozomar unguwarmu,
haɓar innata in ta yi fushi.
Na haɗa, na duba,
na ce Allah ya yafe mini,
Tasalla, in ba ke ba ce
to 'yar'uwarki ce.

Jiya aka kawo gwajin bango.
Sunan mai ɗab'i da manyan baƙaƙe,
sunan kamfani, farashi da sefa.
Nawa an manta.
Ya ce za a gyara a bugu na biyu.

Ban yi gardama ba.
Ku buɗe shafi na bakwai,
ku dubi zanen da Tasalla ta ɗaura,
can wajen ƙafa, tsakanin furanni:
lam, dal, dal.
Ladidi na nan zaune.
A wurinta na koya.